Wa Ya Sauke Ka? Baƙin Masana'antun Kano da Takardunsu

Duk wanda ya taɓa bin titin Panshekara da sassafe ya san yadda ƙofofin kamfanonin Challawa suke cika kafin ƙarfe bakwai. Matasa ne daga Kumbotso da Zawaciki da ƙauyukan gefen kogi, wasu a ƙafa, wasu a keke, wasu a-daidaita-sahu ta zubo su, kowa na jiran a kira shi. Warin jima na tasowa daga magudanan kamfanonin fata, irin warin da baƙon unguwar kaɗai ke toshe wa hanci. Can sai wata farar bas mai baƙin gilashi ta danna ham, mai gadi ya ture ƙyaure, ta shige ciki. Mutanen da ke cikinta Indiyawa ne, ko Sinawa, ko 'yan Labanon. Mai gadin da ya buɗe musu kuwa sau da yawa Buzu ne da rawaninsa da 'yar butar shayinsa, daga Tawa ko Agadas. A wurin doka, da shi da yawancinsu baƙi ne, sai dai ƙofar da kowannensu ya shigo ta daban ce.

A layin nan ne za ka ji ana cewa, "Wai su waɗannan da wace takarda suke zaune?" Tambaya ce mai kyau, amma yawanci a fusace ake yin ta, ba a jira amsa. Amsar kuwa tana da tsawo.

Kano ba ta taɓa zama babu baƙi ba. Wangarawa sun iso tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Larabawan Gadamas da Tarabulus sun yi gidaje a cikin birni, fatake na shiga suna fita ta kowace ƙofa. Amma baƙo ba ya faɗowa gari haka kawai. Sai yana da fatoma ko mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in kuma rigima ta taso shi za a fara kira. Mai unguwa zai so sanin wanda ya sauke shi da abin da ya kawo shi. Na jima ina lura cewa dokar shige da fice ta yau, duk da tarin takardunta, wannan tsohuwar tambayar ce take maimaitawa. Kamfani ne ya maye gurbin fatoma. Har wasiƙa yake rubutawa cewa ya ɗauki nauyin baƙon, daga shigowarsa har kuɗin mayar da shi gida.

Kwarori, wato 'yan Labanon da Siriya, sun yawaita ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka kama harkar gyaɗa da fata da yadi. Har yanzu akwai titin Beirut a garin yana ba da shaida. Daga kanti suka koma masana'anta, da farko a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa suka buɗe. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun hana baƙi ƙananan harkokin saye da sayarwa, abin da ya sa wasu suka tattara, wasu suka nemi abokan tarayya cikin attajiran gari, wasu suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa. A 1995 aka juya akalar, aka yi dokar da ta ba baƙo damar mallakar kamfani ɗungurungum. Ta wannan ƙofar ce yawancin sababbin masu zuba jari na Indiya da Sin suka shigo. Yawan Sinawa ya kai har a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Mike Zhang sarautar wakilcinsu, wato dai fada ma ta nemi fatoman da za ta riƙa kira.

To, yaya Ba'indiye yake tashi daga garinsu har ya tsinci kansa a gaban inji a Sharaɗa? Ba shi ne ke fara neman izini ba, kamfanin ne. Kamfani mai hannun jarin baƙi yana zuwa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja ya nemi izinin kasuwanci, kuma bisa ƙa'idar da aka sabunta a 2022 sai jarinsa ya kai naira miliyan 100. Sannan ya nemi abin da ake kira kota, wato gurabun aikin da aka yarje masa ya cike da baƙi. Kota ba ta mutum ba ce, ta kujera ce: injiniyan tukunyar tururi, masanin haɗa sinadarin jima, shugaban sashen gyaran injina. Ana bayar da ita shekara 3 a karon farko, a sabunta, amma a mafi yawan sassa ba a son gurbi ɗaya ya wuce shekara 7 a hannun baƙo. Akwai wata kota ta musamman da ake ba mai kamfani ko babban manajansa, wadda ba ta da wannan wa'adin sai ranar da aka ga damar sake dubawa.

In kota ta samu, sai mutumin ya je ofishin jakadancin Najeriya a ƙasarsa da takardar ɗaukar aiki da shaidar karatunsa, a ba shi bizar da masu harkar har gobe suke kira STR, ko da yake tsarin biza na 2020 ya faɗaɗa nau'o'in daga 6 zuwa 79, ya sake musu sunaye. Da ita zai sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ko Legas ko Abuja. Yana da kwana 90 kamfaninsa ya kai fasfonsa ga Hukumar Shige da Fice a daidaita zamansa, a ba shi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki a haɗe. A ƙarshen 2018 aka ninka kuɗin katin daga dala 1,000 zuwa dala 2,000, har lauya Femi Falana ya garzaya kotu yana ƙalubalantar ƙarin da kuma yadda ake raba kuɗin da wani kamfani mai zaman kansa. Bayan haka, duk wata sai kamfani ya kai wa hukuma lissafin baƙin da ke ƙarƙashinsa, wa ke nan, wa ya tafi.

Wanda aka kira don ya kafa sabon inji ko ya gyara wanda ya tsaya ba ya bukatar duk wannan. Akwai izinin aiki na ɗan lokaci, TWP, da ake ba shi ya yi abin da ya kawo shi ya koma. Bizar kasuwanci kuwa ta taro ce da duba kasuwa da ƙulla ciniki, ba ta halatta karɓar aiki ba, balle ta yawon buɗe ido. A nan ne yawancin saɓa doka ke faruwa: mutum ya shigo da bizar mako kaɗan, ya share shekara yana ba da umarni a ɗakin injina.

Mu mutanen Kano bai kamata wannan tsari ya zame mana sabo ba, don mun san shi daga ɗaya ɓangaren. Kusan kowane gida akwai wanda ya san igama da kafili a Saudiyya, ya san yadda takardar mutum ke rataye a wuyan wanda ya ɗauke shi, ya san 'yan'uwan da aka kwaso a jirgi aka sauke a Kano da kayan jikinsu saboda zamansu ya wuce wa'adi. Ɗan ƙaramin makanikin da aka kawo daga Indiya yana cikin hali mai kama da wannan. Katinsa da sunan kamfani aka buga shi. In suka ɓata da maigida, ba ya iya tsallaka titi ya kama aiki a kamfanin da ke kallonsu sai da sahalewar hukuma da kotar sabon wurin. Wanda ke layi a waje yana hango shi cikin bas mai sanyi yana ganin sarki, alhali wani lokacin shi ma ba ya iya ɗaga murya.

Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi a cikin kota, kuma wanda aka fi wasa da shi, shi ne na magaji. Kowace kujera da aka ba baƙo, dole kamfani ya ajiye 'yan ƙasa biyu masu ilimin fannin su riƙa koyo a ƙarƙashinsa, domin in wa'adi ya cika su karɓa. Wannan shi ne cinikin gaba ɗaya: mun ba ka izinin kawo gwani, kai kuma ka bar mana gwanintar. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma kota a kan wannan tunanin aka gina ta, sai dai ita tana so raɓar ta jiƙa ƙasa kafin ta ɗauke. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara sa hannu a umarni na 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙon da akwai masu irin ƙwarewarsa a cikin ƙasa.

Ɗan yayata ya yi difloma a fannin lantarki, ya samu aiki a wani kamfanin roba a wannan yanki, ana biyansa kullum-kullum kamar kowane lebura. Wata rana ya shigo gidana bayan magariba da murna.

"Kawu, yau an karɓi kwafin takarduna a ofis, har da hoto. Ina jin za a tabbatar da ni."

"Me suka ce maka?"

"Ba su ce komai ba. An dai ce in an zo daga Abuja aka tambaye ni, in ce ina koyo a wurin injiniya."

Ba a zo daga Abuja ba, ba a kuma tabbatar da shi ba. Ashe lokacin sabunta kota ne ya yi, ana bukatar sunaye biyu da shaidar karatu a liƙa a fayil. Injiniyan da aka ce yana koyo a wurinsa, in zai buɗe akwatin sarrafa injin sai ya aike shi ɗauko wani abu a sito. Ban ce haka kowane kamfani yake ba. Na san wuraren da yaran Kano suka fara da share ƙasa, yau su ke riƙe da sashe sukutum, kuma baƙon da ya koya musu suna ambatonsa da alheri. Amma inda aka yi koyarwar, halin mai kamfanin ne ya sa, ba tsoron mai bincike ba.

Masu masana'antu suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne na banza ba. Inji na miliyoyin dala ne, kamfanin da ya ƙera shi wani lokaci ba ya lamuncewa sai mutuminsa ne ke kula da shi. Makarantun fasaharmu da yawa suna koyar da injinan da aka daina amfani da su. Wanda ka horar shekara uku, rana ɗaya wani ya ƙara masa albashi ya tafi. Ga rashin wuta, duk da babbar tashar rarraba lantarki da ke nan Kumbotso, ga tsadar gas da dala, masaƙu da dama sun rufe tuntuni. Mai kamfanin da ke fama da wannan yana ganin kowace sabuwar takarda a matsayin wani haraji. Sai dai akwai abin da ba sa faɗa. Wasu kujerun da aka rubuta da sunan injiniya, in ka shiga ciki mai riƙe da makullin sito ne ko mai ƙirga kuɗi, ɗan'uwan maigida ko ɗan garinsu. Amana ake saya a nan, ba ƙwarewa ba, kuma babu ranar da za a ce an gama koya wa wani amana.

Gwamnati ta gwada magance abin da kuɗi. A ƙarshen Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki: dala 15,000 a shekara kan kowane darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata. Ƙungiyar masu masana'antu da ta 'yan kasuwa suka yi ca, suka ce jari zai gudu, kuma wasu ƙasashe za su rama a kan 'yan Najeriya da ke can. Ba a yi mako biyu ba aka dakatar da shi. Ni ban yi baƙin cikin dakatarwar ba. Da an ci gaba, babban kamfani zai biya ya ɗora a kan farashin kaya, ƙarami ya koma bizar kasuwanci da cin hanci, ɗan yayata kuma a ci gaba da aikensa sito.

Rigimar da ta fi fitowa fili ba a Challawa ta faru ba, a Kantin Kwari ce. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama Sinawa 45 a kasuwar bisa zargin suna kasa yadi suna sayarwa. 'Yan kasuwa sun yi murna, don sun daɗe suna kukan cewa wanda suke sarowa a wurinsa a Sin ya biyo su har gida ya buɗe sito. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, tun 1995 babu jerin sana'o'in kasuwa da aka keɓe wa ɗan ƙasa kamar na 1972. Abin da aka haramta wa masu zuba jari bai wuce irin su makamai da miyagun ƙwayoyi da kakin sojoji ba. Ƙugiyar da ke kama baƙo a Kwari ita ce saɓanin takarda da aiki: kati ya ce masanin masaƙa ne, ga shi yana ƙirga bandir. Ghana ta bi wata hanya, dokarta ta 2013 ta keɓe kasuwancin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai ya zo da dala miliyan 1, kuma 'yan Najeriya ne aka fi rufe wa shaguna a Kumasi da Akara saboda ita. Wanda ke neman irin wannan doka a nan ya tuna cewa muna da 'yan'uwa a zangunan Ghana.

Mu dawo kan mai gadi. Shi bai san kota ba, bai san CERPAC ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna kwana 90, in yana da takardar tafiya sahihiya. In zai wuce haka sai ya yi rajista ya karɓi katin zama na ECOWAS, mai sauƙin kuɗi. Nawa ne cikin masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu shayi suka taɓa karɓarsa? Mutumin Maraɗi da ya zo cin rani Kano ba ya jin ya bar gida, yare ɗaya, alƙibla ɗaya, wataƙila kakarsa ma 'yar Katsina ce. A 2019, lokacin Muhammad Babandede yana shugabantar hukumar, aka buɗe rajistar baƙi ta kwamfuta kyauta, har da afuwar wata 6 ga marasa takarda, amma wanda ke tsoron kaki ba ya kai kansa ofis. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an yanke shawara. Wato zaman Buzun nan a yau ya rataya ne a kan sanarwa, wadda wata sanarwar ke iya shafewa.

Tarihi ya nuna a kan wa sanda ke sauka in ranar ta zo. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ɗan Kamaru ne da aka taɓa kora daga Kano a 1962 ya dawo, kalmar baƙin haure ta shiga bakin 'yan siyasa. Da kuɗin mai ya faɗi, a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba marasa takarda mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran har da 'yan Nijar da Cadi masu yawa. Ghana ma ta yi wa namu haka a 1969 zamanin Busia. Ba manajoji aka loda a manyan motoci ba. Kuma dokar korar baƙi tana iya zama makamin siyasa: a 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, aka tsallakar da shi Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta ce ɗan ƙasa ne aka kuma ba shi diyya.

Akwai kuma rukuni na uku da ke rikita lissafi, wato jikokin Kwarori da aka haifa a Bompai, Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi. Tsarin mulkin 1999 bai ba mutum ƙasa don kawai an haife shi a nan ba, sai in uwa ko uba ko kaka ɗan ƙasa ne. Wanda ba shi da wannan sai ya nema, bayan zaman shekara 15, kuma sai gwamnan jiharsa ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba a ba shi wannan gajeriyar hanya ba. Saboda haka farin mutumin da ka gani a ofishin kamfani yana iya zama ɗan ƙasa kamarka, da katin zaɓensa, kuma babu ruwansa da kota.

Daga 1 ga Mayun 2025, ƙarƙashin minista Olubunmi Tunji-Ojo, aka mayar da yawancin harkar kan intanet. An daina ba da biza a filin jirgi, sai dai a nema tun daga gida a samu amsa cikin kwana biyu. Katin sauka da na fita sun koma na waya, neman kota da katin zama ma haka. An sa tarar dala 15 a kan kowace rana da mutum ya ƙara bayan wa'adinsa, da haramcin dawowa na shekara 5 ko 10 gwargwadon daɗewarsa, bayan wata afuwa da ta ƙare a ƙarshen Satumban shekarar. Wannan ya rage aikin 'yan tsakiya da ke yawo da fasfo a jaka, kuma abin yabo ne. Kwamfuta ta iya ƙirga kwanaki. Amma ba ta shiga ɗakin injina ta ce wa wanda aka rubuta a matsayin magaji ya buɗe akwatin nan ya nuna abin da ya koya. Wannan aikin mutum ne, kuma da za a haɗa jami'in shige da fice da injiniya daga ƙungiyar injiniyoyi da wakilin 'yan ƙwadago su riƙa yin sa kafin a sabunta kowace kota, da an ga bambanci. Ko da liƙa jerin kujerun kota da sunayen magadansu aka yi a allon sanarwar kamfani, inda ma'aikata ke wucewa, wanda aka ari sunansa zai gani.

Ɗan yayata ya bar kamfanin bayan shekara biyu. Yanzu yana haɗa wutar sola a gidaje a Panshekara, da yara biyu a ƙarƙashinsa. Kwanakin baya wani tsohon abokin aikinsa ya gaya masa cewa injiniyan ya koma ƙasarsu, an kawo wani a kan kujerar, kuma a ofis an ce ana neman sabon hotonsa.